Jar Masarar Gama

Wallahi akwai ranar da ko da soso da sabulu aka dirje min ƙwaƙwalwa ba za ta fita ba. Wata Asabar ce da na ga Abbana, darakta guda, yana tafe a sunkuye yana leƙen kwata a lungunan Gama. Jiya na rubuta jarrabawata ta ƙarshe a jami'a, alhamdu lillahi, an gama, an sauke kaya! Farar rigata ta sha rubutun bankwana na 'yan ajinmu har ba masaka tsinke, muryata ta dashe don ihu. Tun muna aji ɗaya ƙawayena suke damuna da tambaya, wai ke da kike cika baki lauya za ki zama, me ya kai ki karatun malaman gona, ki ƙare a rana? To yau ga amsa. Kowa ya gyara zama, babban yatsana ya samu aiki.

Abba ya fara aikin gwamnati tun ba a san za a yi ni ba. Malamin gona ne a ƙauye, da kekensa da hular malafa, yana bin manoma kunya-kunya. Daga keke ya hau babur, daga ƙauye aka kai shi ƙaramar hukuma, daga nan shiyya, daga nan hedikwata. Kafin in yi wayo har ya zama darakta a wata hukuma mai kula da harkar noma, muna zaune a Nassarawa GRA, gida mai mangwaro da darbejiya. Amma duk sanyin ofis hannun mutumin nan bai yi laushi ba. Yana da wata ɗabi'a da take ba mu kunya: ko a gidan mutane ya ga hatsi a kwano, sai ya damƙa ya murza a tafin hannu, ya kai hanci, wani sa'in har ya gatsa. Umma ta yi mitar har ta gaji.

A 'yan shekarun nan abin da ya sa a gaba wata masara ce mai launin ɓawon lemo, wadda aka ce tana da sinadarin da ke gyara idon yara. Mutanenmu kuwa kun san su, tuwo in ba fari tas ba ne to ba tuwo ba ne. Abba ya yi ta shiga rediyo mako bayan mako yana cewa, "Jama'a, kada launi ya tsorata ku. Ku ci, ku ba yara." Ya faɗa ya faɗa har maganar ta zama abin tsokana, har a kasuwa wasu suna kiranta masarar Darakta. A shekarar ne kuma aka fara raɗe-raɗin za a ɗaga shi ya zama Babban Sakatare, wato ƙololuwar da ma'aikaci yake mafarki tun ranar da ya fara sa hannu a rajista. Umma ba ta cewa komai amma na kama ta tana duba atamfofin walima. Ni kuwa har na zaɓi hoton da zan ɗora, na rubuta abin da zan sa a ƙasansa na ajiye.

To, ranar Asabar ɗin da hantsi ina kwance a baranda ina latse-latse. Lokacin na gama sakandare ina jiran gurbin jami'a, ba aikin fari ba na baƙi, daga caji sai data. Abba yana kan tabarma yana shan shayi. Sai ga Baba maigadi, wanda iyalinsa suke zaune a Gama, ya taho da baƙar leda yana ta washe baki.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma an yi rabon tallafi a unguwarmu, har gidana an samu. Kuma irin taku ce, mai gyaran idon nan. Na ce sai na kawo ka gani."

Abba ya sa hannu a ledar kamar yadda ya saba, ya damƙo, ya murza. Da ya buɗe tafin hannunsa sai na ga ya yi ja-ja kamar ya taɓa janbaki. Ya kai hanci. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba.

"An ci?" ya tambaya.

"A'a, sai dai yau. Mai ɗakina ta ce za ta surfa."

"Kira ta yanzu. Ka ce kada ta taɓa, kada kaza ma ta taɓa. Ka wanke hannunka da sabulu. Wannan ba abinci ba ne, Malam, irin shuka ne. Maganin ƙwari ne a jikinsa."

Kiran waya biyu ya yi ya gano bakin zaren. Ashe irin shuka ne da ya rage tun damina. Buhunansa na asali masu rubutun gargaɗi sun yayyage, aka juye shi a buhunan da ba komai a jikinsu, aka jingine a sito ɗaya da masarar tallafi. Masu lodi suna sauri suka haɗa da shi. A Gama aka farke buhunan aka auna wa mutane kwano-kwano. Mai rabo ya ga ja, masu karɓa sun ga ja, ba wanda ya ɗaga gira, saboda kowa ya sha ji a rediyo cewa kada launi ya tsorata shi.

Abba irin mutanen nan ne da ba su iya waya ba sai a lasifika, don haka da ya kira ogansa, duk abin da suka faɗa a kunnena aka yi. Ogan ya saurara, ya ja salati, sannan ya sassauta murya.

"Darakta, kwantar da hankalinka. Mu bari sai Litinin, a kafa kwamiti, a tura yara su bi a hankali su karɓo ba hayaniya. In maganar nan ta fita an gama da mu. Kuma kai ka san abin da ke gabanka, kada ka ɓata rawarka da tsalle."

"Ranka ya daɗe, kafin Litinin an tuƙa tuwo sau biyu, an yi ɗumame sau biyu."

"To ni dai ba da yawuna ba."

"Na ji, ranka ya daɗe. Da yawuna ne."

Ya kashe wayar. Umma tana tsaye a bakin ƙofar falo da ludayi a hannu, ashe ita ma ta ji.

"Alhaji, ba wanda ya ce kada a karɓo," in ji ta. "Amma ka tura mutane mana. Dole sai an ji sunanka? Shekara nawa kana jiran wannan kujera?"

"Hajiya, da muryata suka yarda mai launi abin ci ce. In ba muryar suka ji ba, wa za su yarda da shi?"

Sai ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata, wannan yatsan naki da ba ya hutawa, yau zai yi aikin lada. Ɗauki maganata."

Na danna. Ya gyara murya irin ta rediyo, ya yi sallama, ya faɗi cikakken sunansa da muƙaminsa, bai rage ko harafi ba. Ya ce masarar da aka raba jiya a Gama, duk wadda take ja tana kama hannu, irin shuka ce mai magani, daga wurinsu kuskuren ya fito, kada a ci, kada a ba dabba. Ya ce a kawo ta ƙofar gidan mai unguwa, yana nan zuwa da kansa. Da ya gama na tsaya da yatsana a sama, don ko ni da ƙuruciyata na san in na tura shi ke nan, ba a dawo da shi.

"Abba, in tura?"

"Me kike jira?"

Kai, ranar na nuna gwaninta! Guruf ɗin ajinmu, na Islamiyya, na dangin Umma, na dangin Abba, na masu sayar da atamfa da turare, har wani na masoya ƙwallo da ban san yadda aka yi na shiga ba, ko'ina na watsa. Na bi duk wadda na sani a Gama da Kaura Goje da Gawuna ɗaya bayan ɗaya, ina cewa don Allah ki tura gaba, ba wasa ba ne. Kan ka ce kwabo saƙon ya zagayo ya dawo min ta hannun mutanen da ban taɓa sani ba.

Ina wannan, Abba ya sa an buɗe ɗakin baya inda yake ajiye amfanin gonarsa ta gado, masarar da muke ci shekara. Ya kira a-kori-kura aka fara lodi. Umma ta ce wannan kuma fa? Ya ce, "Talaka ba ya sakin abin da ya shiga hannunsa don an ce gobe za a sake ba shi. Ya sha jin gobe. Kawo ja, karɓi fara, kwano da kwano, a nan take." Sannan ya ce in sa hijabi in shiga mota. Na zaci don waya ne. Ya ce, "Akwai gidajen da ni ba zan shiga ba."

Duk zamana a Kano ban taɓa shiga cikin Gama ba sai ranar, alhali daga gidanmu ba wata tafiya ba ce. Mutane kamar ƙasa, lungu na haifar lungu. Kafin mu isa har an taru a ƙofar gidan mai unguwa, kuma ba da fara'a aka tarbe mu ba. Wata tsohuwa tana cewa dama ta sani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani yana cewa dabara ce, an raba don hoto yanzu an zo kwashewa. Wani matashi ya matso har gaban Abba yana huci.

"Alaji, wato guba kuka ba mu ke nan?"

Abba ya dube shi ido cikin ido. "Daga wurinmu ta fito, ɗana. Zagin ka ajiye min shi zuwa yamma, ina nan ba inda za ni. Yanzu ruga ka ɗauko ta gidanku."

Gayen ya tsaya sororo, don ya shirya wa musu bai samu ba. Sai ga shi ya juya da gudu. Shi ne ma daga baya ya zama mai auna fara.

Abba ya sa aka nemo buhunan da aka zazzage jiya, waɗanda cikinsu ya rine. Ya ce duk abin da aka dawo da shi a zuba a ciki, in sun cika sun koma yadda suka zo to an gama. Ya roƙi limamai suka faɗa a lasifika bayan azahar. Ya bi masu injin niƙa da ƙafarsa, yana ce musu a birni ba mai cin masara sai ta biyo ta hannunku, duk wanda ya kawo ja ku riƙe ku aiko. Da mutane suka ga da gaske fara ake bayarwa, har da gyara, sai layi ya miƙe. Yara da kwanuka, mata da ƙullin zani, tsofaffi da leda. Ni ina gefe ina amsa saƙonni, waya ta yi zafi kamar dutsen guga.

Zuwa la'asar layi ya ƙare. Buhuna sun cika, ban da na ƙarshe. Ya tsaya a rabi ya ƙi motsi. Mai unguwa ya yi cigiya, ya sake yi, shiru. Wasu mata suna ta kallon ƙasa.

Abba ya ja ni gefe. "An sayar," in ji shi a hankali. "Ba za su faɗa ba, suna tsoron a cire su daga rabo na gaba. Kuma mai sayen masara da yawa haka ba don gidanta take saya ba. Mai tuwon sayarwa ce."

Tuwon sayarwa fa! Ba gida ɗaya ba ke nan, duk wanda ya zo da kwanonsa bayan magariba.

"To ai masu inji za su riƙe," na ce.

Abba ya tsoma hannu a kwanon da wata yarinya ta kawo a ƙarshe, ya nuna min. Masarar a jiƙe take, jan ya koɗe saura kaɗan. "Kin gani? Wankewa suke. In aka wanke aka surfa, fara za ta je inji, ba mai gane ta." Can sai ya ɗago kai. "Amma ruwan wankin dole ya fita ta rariya. Gaya wa mutanenki, duk wanda ya ga jan ruwa a kwata ya ɗauko hoto."

Jama'a, kada Allah ya haɗa ku da 'yan guruf a ranar neman taimako. Hotuna suka yi ta shigowa kamar ruwan sama. Wani ruwan rini, wani inda aka yanka kaza, wani ɗan rainin hankali ma hoton kwalbar lemo ya turo yana dariya. Abba bai tsaya jira ba, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya shiga lungu yana bin kwata a sunkuye, ni da mai unguwa muna biye, yara sun yi mana jerin gwano. Shaddarsa fara da aka goge don ɗaurin aure, gefenta ya sha baƙin ruwa. Mun bi wani jan ruwa da murna har ƙofar gida, ashe mai zoɓo ce. Ta fito tana masifa wai za mu kashe mata kasuwa. Rana kuwa sai sauka take, hayaƙin murhu ya fara tashi a gidaje. Na ce Abba ko mu koma a sake shela? Ya ce, "Shela ta yi nata. Duba wayarki."

Cajina saura ƙiris sai ga hoto daga wata 'yar Islamiyyarmu da ta zo wurin yayarta a unguwar. Ruwa ne ja-ja mai kumfa a bakin wata rariya. Na miƙa wa Abba, ya ce in buɗa masa shi. Na ja da yatsu biyu. Ya ƙura ido. "Ga dusa nan a gefe. Nan ne. Tambaye ta wane lungu."

Gidan yana can ƙarshen wani lungu da ko babur sai ya yi dabara. An rubuta "ba a shiga" da gawayi a jikin soro. Abba ya tsaya cak. Duk saurin da yake yi, duk abin da ke cin ransa, bai tsallake ba. Ya ce, "Uwata, bismilla."

Na yi sallama na shiga. Tsakar gida ce 'yar ƙarama, ga manyan tukwane an jera, ga itace. A tsakiya an shimfiɗa buhuna an baza surfaffiyar masara, fara sol, wata yarinya tana tattarawa a roba za ta kai inji. Mai gidan wata Inna ce kakkaura, damtsenta ya yi cinyata, tana yanka kuɓewa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani.

Ta dube ni daga hijabi har takalmi. "Ke 'yar waye? Daga ina?"

"Daga GRA, Inna."

"Na ga alama. To 'yar GRA, na ji shelarku tun azahar. Tawa ba ja ba ce. Dube ta. Na wanke, na sake wankewa, na surfa da hannuna, na ɗauraye. Ta fi haƙoranki fari."

Na ce maganin ba ya fita duka. Ta ce a gidan wa? Na kunna mata saƙon Abba, ta ce waya ai ba abin da ba a haɗawa a cikinta, ran nan ma an nuna mata akuya tana waƙa. Ta ce wa yarinyar, "Ke ɗauki ki tafi, kada layi ya yi tsawo." Yarinyar ta ɗora roba a ka. Wallahi ban san lokacin da na je na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa ba. Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau kujera! Inna ta ajiye wuƙa ta miƙe. Na ce yau na shiga uku.

Sai muka ji murya daga soro. "Salamu alaikum. Hajiya, a gafarce ni, ina magana daga waje."

Inna ta tsaya. Ta karkata kai. "Wannan ai muryar rediyo ce."

"Ita ce, Hajiya."

Ta jawo mayafi ta matsa kusa da labulen buhun da ya raba soro da tsakar gida, amma ba ta ɗaga ba. "Kai ne mai cewa kada launi ya tsorata mu?"

"Ni ne."

"To yau kuma me ya faru?"

"Yau ni ne na zo da ƙafata in ce wannan ta tsorata ki. Waccan da nake faɗa, launinta halitta ne, a cikin ƙwayar yake, ko kin kwana kina wankewa ba ya fita. Wannan shafa mata aka yi don ƙwari. Jan ya bi ruwa, amma ba mai iya rantse miki cewa maganin ya bi shi duka. Ni da na yi rayuwata a kan hatsi ba zan ba 'yata wannan ba, ga ta nan a gabanki. Laifin ba naki ba ne, namu ne."

Inna ta dubi robar da ke kan yarinyar, ta dube ni. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Alhaji, na ji. Amma bayan magariba leburori da masu adaidaita za su cika ƙofar nan. Ko ka ba ni fara yanzu, yaushe zan surfa, yaushe ta bushe, yaushe a niƙa? In suka zo ba tuwo gidan wata za su koma, kuma mai ci in ya sauya layi ba ya dawowa. Da wannan tukunyar nake riƙe da marayu."

Na ji Abba yana latsa waya, sai ga muryar Umma a lasifika, duk lungu yana ji.

"Hajiya, garin tuwon da ke gida, a sa a mota a kawo Gama yanzu."

"Kwano nawa?"

"Duka."

"Duka? Mu kuma mu ci me?"

"Taliya. A haɗo da turmi da taɓarya, da babbar robar nan, nata duk sun taɓa magani."

"Har turmina, Alhaji? Turmin aurena?"

Inna ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ɗaga murya ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, aro ne!" Da hannunta ta sauke robar daga kan yarinyar.

Direba ya iso ana gab da kiran salla. Aka kwashe masarar Inna, aka share dusar da ta tara za ta sayar wa masu awaki, aka kai ƙofar mai unguwa aka juye. Buhun ƙarshe ya tashi. Abba da kansa ya ɗaure bakinsa. Ni kuwa Inna ta ce tunda na tsare mata ƙofa sai na biya, ta miƙo min muciya. Jama'a, tuwon tukunyar gidan biki! Na tuƙa sau uku muciya ta ƙi motsi, hayaƙi ya cika min ido, matan gidan suna ta shewa. "'Yar GRA, ashe ƙarfin duk a yatsa ɗaya yake!" Abin haushin, wayata ta mutu tun ina bakin ƙofa. Ranar da ta fi kowace rana a rayuwata, ba ni da hotonta ko ɗaya.

Abba ya yi magariba a masallacin lungun da rigarsa mai dauɗar kwata. Da aka idar, matashin nan na ɗazu ya zo ya tsaya a gabansa yana sosa ƙeya. Abba ya ce, "Yauwa, na zo karɓar ajiyar zagina." Gayen ya ce, "Haba Alaji, a bar maganar," ya ɗauko masa takalmansa.

Ba wanda ya ci masarar nan a Gama. Ko kaza ba ta mutu ba.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta riga shi isa ofis, wai ya yi magana da jama'a ba da izini ba, ya zubar da mutuncin hukuma. An kafa kwamitin kuwa, amma a kansa. Da aka fitar da sababbin manyan sakatarori, babu shi. Aka mayar da shi wani ofis da ko ƙuda ba ya leƙawa, a nan ya ƙarasa shekarunsa har ya yi ritaya yana darakta. Bai fasa fita da wuri ba ko rana ɗaya. Daga wannan ofis ɗin ne ma ya yi ta naci har aka ware wa irin shuka sitonsa daban.

Ni na fi shi shiga zafi. Na rubuta wani dogon rubutu mai yaji zan watsa, ya ce in goge. Na ce, "Abba, wai kai ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana, ni dutse ne? Na so kujerar nan, Uwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Tun ina kan keke nake hango ta." Ya yi ɗan murmushi. "Amma ga shi wani ya hau, aiki bai tsaya ba. Tuwon nan kuwa da ya shiga ciki, wane kwamiti ne zai fito da shi?"

A makon ne na sauya abin da zan karanta. Umma ta ce gado ba ya ɓuya, ta kuma ce har yau turminta bai dawo ba. Gaskiya ne, yana Gama. Duk hutu ina zuwa, kuma yanzu in na kama muciyar Inna sai dai a ja baya a ba ni wuri.

Jiya ina fitowa daga ɗakin jarrabawa na kira shi. Yana gona, a lasifika kamar kullum, ina jin iska da kukan awaki. Na ce, "Abba, an gama!" Ya ce, "Madalla da malamar gona. To sai ki kula da bakinki, don daga yau in kin ce a shuka, shukawa za a yi."

Abin da ranar nan ta koya min ke nan, kuma da shi zan fita aiki. In mutane suka yarda da maganarka har suka kai abu bakinsu saboda kai ka ce, to ranar da abin ya ɓaci ba ka da damar aika wani, ba ka da damar jiran Litinin. Bakin da ya ce a ci, shi ne zai tako har soro ya ce a dakata, ko da kujera za ta tafi.